Motar da Ta Ƙi Durƙusa wa Mahaifina

Shekarun baya, tun ina da ɗan shagon yadi a kasuwar Kamlin, kafin ƙasar nan ta shiga halin da ta shiga, na taɓa mallakar wata mota da har yau in na tuna ta sai in kama murmushi ni kaɗai. Jiya wani a cikinku ya sa hoton tsohuwar motarsa ta ɗaga baya sama, yana tambaya ko akwai wanda ya san abin da ke kawo haka. Shi ne na ce bari in ba ku nawa labarin, ko ya tsinci wani abu a ciki.

Tsohuwa ce, ƙirar Faransa, fara ce a da, amma rana ta mayar da ita kalar shayi da madara. Na saye ta a Wad Madani a hannun wani tsohon ma'aikacin gona da ya gaji da ita. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci. Wani koren mai ne ke bin siraran bututu a ƙarƙashinta yana ɗaga ta. In ka kashe ta sai ta riƙa sauka a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, in ka tayar kuma ta yi ɗan nishi, baya ya tashi, gaba ya biyo. Kusa da giya akwai wani ɗan hannu da kake turawa in kana so ta ƙara tsawo ko ta durƙusa gaba ɗaya. Mutanen ƙauyenmu ba su ɓata lokaci ba suka raɗa mata suna Taguwa. Tafiyarta kuwa, jama'a, ko kofin shayi ka ɗora a cinya kana bin hanyar gefen tur'a, wato babbar magudanar ruwan gonakinmu, ba zai zube ba.

Ba don gayu na saye ta ba, ko da yake ba zan rantse cewa babu gayun a ciki ba. Don bayan mahaifina na saye ta.

Mahaifina masaƙin angarib ne, gadon katakon nan namu da ake saƙawa da igiya ko da zirin ɗanyar fatar sa. Rayuwarsa duk a sunkuye ya yi ta a kan gadajen mutane, har bayansa ya ƙi miƙewa. Ya kai ko amalanken jaki ya hau zuwa hawasha, gonar da muke nomawa, sai ya kwana biyu a kwance. Bas da lori kuwa ya daɗe da sallama da su. Yana da wa guda ɗaya da muke kira Baffa, a wani ƙauye bayan Abu Na'ama, a bakin bahar, wato babban kogin can. Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu, shi ya koya masa sana'ar, kuma shekaru sun taru ba su ga juna ba. A waccan shekarar, ana cikin zafin bazara, 'yar Baffa ta buga waya ta ce jikinsa ya yi rauni, idanun ma sun tafi, kuma ya ba ta saƙo: "Ki ce ma ƙanena, in zai zo, shi zo kahin ruwa."

Duk wanda ya san can ya san abin da wannan magana take nufi. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙauyensu baƙar laka ce zalla, kuma damina takan riga sauka a can kafin ta iso mu. Da zarar ruwa ya zauna, babu motar da ke shiga sai bayan kaka. Baffa kuwa bai sa ran ganin kaka ba.

Dole in gaya muku wani hali na mahaifina, don in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Mutum ne da bai yarda wani abu ya yi rawa a gabansa ba. In ya je gaisuwa gidan mutane aka nuna masa angarib, kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya dafa ya girgiza. In ya ji sako-sako, to gaisuwa ta dakata ke nan, sai an kawo masa ruwa a ƙwarya ya ɗaure musu gadonsu. Mahaifiyata kan ce ko ƙofar masallaci ya bi sai ya taɓa ya ji ko tana lilo. Sana'ar ce ta mayar da shi haka. A jiƙa fata ta yi laushi, a ja, a ɗaure, a bar wa rana sauran aikin. In ta bushe sai ta tsuke ta koma kamar ƙarfe, yara su yi ta tsalle a kai har su girma ba ta saki ba.

Ranar da na kawo motar gida, ya zagaya ta da sandarsa, ya tsaya yana kallonta tana sauka.

"Wagga ba ta da lahiya," in ji shi. "Abin da bai iya tsayi da ƙahwahunai, shi za ka ɗora ni bisa?"

Na roƙe shi ya bari mu gwada ranar Juma'a zuwa masallacin Kamlin. Na tura ɗan hannun nan, Taguwa ta durƙusa, ya shiga ba tare da ya ɗaga ƙafa sosai ba. Muka kama hanyar tur'a mai ramuka. Ina satar kallonsa, hannunsa a ƙugu yana jiran ciwon ya zo, ciwo bai zo ba. Da muka dawo ya sauka ya miƙe iya miƙewarsa, ya ce, "Ba laihi. Amma akwai abin da ka rawa ƙarƙashinta, can baya. Na jiya."

"Haka ƙirarta take, Baba," na ce masa, da muryar wanda ya san mota. Ni da a lokacin ban san inda ake zuba mata ruwa ba sai da aka nuna mini.

"Babu abin da anka ƙera don shi yi rawa," ya ce, ya shige gida.

Muka sa ranar tafiya bayan cin kasuwa mai zuwa. Mahaifiyata ta fara haɗa tsaraba, busasshiyar kuɓewa da daddawa da ɗan turaren wuta na matar Baffa. Ni kuma na kai motar bayan gida, inda wata 'yar magudana ta ratsa wadda ba ta da ruwa a bazara. Nakan haye ta da motar, tayoyi a gefe da gefe, ramin a tsakiya, don in na wanke ta ruwan ya bi can. Na wanke ta fes, na bar ta a nan ta sha iska, na tafi na yi barcin rana.

Washegari zan tafi shago, na ga kamar bayanta ya ɗan fi kullum tsawo. Ban damu ba. A hanya na ratsa wani wuri da tur'a ta ɓalle ta malala, na yi mata ado da laka har ƙofa, wankin jiya ya tashi a banza. Kwana ɗaya da haka sai bayan ya ƙara tashi, tafiyar kuma ta fara tauri. Kafin ranar kasuwa, Taguwa ta ɗaga baya iya ɗagawa, hanci a ƙasa, kamar kaza tana tsattsagar hatsi. Na tura ɗan hannun nan gaba, na ja shi baya, gaban motar na sauka yana tashi yadda aka umarce shi, bayan kuwa ko gezau. In na danna but da hannu biyu ba ya motsi. In na taka ɗan dutse a hanya sai na ji shi har cikin haƙorana. Ko na kashe ta sai ta daɗe ba ta sauke bayan ba, da na murza makulli kuma ta mayar da shi sama.

Na kai ta wurin wani makanike a Kamlin. Ya ce sifirin ne ya ci, aikin minti kaɗan. Ya shiga ƙarƙashi da fitila, ya daɗe, ya fito yana share gumi ya ce, "Ina sifirin ɗin?" Na ce ai ba ta da shi. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce in kai ta inda na samo ta.

A ƙauye kuwa kowa ya zama likitanta. Wani ya ce nauyi take so, aka loda mata buhunan dawa a but, ta ɗauke su ba ta sunkuya ba. Wani ya ce maza su hau, majiya ƙarfi suka jeru a kan but suna sukuwa, ita dai tana nan yadda take. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce baki ne, don tun ranar da na kawo ta mutane ba su daina maganarta ba. Ni kaina a ranar na kusa yarda da ita.

Mahaifina yana zaune a inuwar rumfa yana kallon duk wannan. Da yamma aka sake bugo waya daga Abu Na'ama. An yi yayyafin farko, ƙasa ta sha, amma hanya tana biyuwa tukuna. Baffa yana tambaya ko mun taso. Na ga mahaifina ya juya fuska wajen kudu, inda sama ta ɗan yi duhu can ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"In ba ta yi, mu hau lori," ya ce.

"Ba da ni ba," in ji mahaifiyata daga bakin murhu. "In kai ka tahi ganin marar lahiya, wa za shi kwaso ka? Majinyata biyu za a tara ma yarinyar mutane?"

Ba ta yi ƙarya ba, shi ma ya sani. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Na ɗauko mota da bakina na yi alkawari, tsoho ya sa rai har ya sa an wanke masa farar jallabiyarsa, ga shi motar ta mayar da ni abin dariya. Kunyar ba ta dame ni kamar tsoron a bugo waya a ce an yi ruwa mai yawa ba, ko a ce wani abin da ya fi wannan.

Da sassafe na kama hanyar Wad Madani. Ina da aboki a can, tare muka yi firamare, ya zama usta, wato babban makanike, a unguwar masu gyaran motoci. Shi kaɗai aka ce mini yana taɓa irin waɗannan, har yana da gawar wata irinta a bayan garejinsa da yake cirar kaya a jiki. Tafiyar da na saba yi ina jin rediyo, ranar na yi ta ina cije da leɓe. Duk inda kwalta ta fashe sai bayan motar ya yi tsalle ya dire, ni ma in bi shi. Na isa ƙuguna yana ciwo, na ce a raina, ni ke nan mai lafiya.

Abokina ya hango ni tun daga nesa ya fara dariya. "Ya zol, mutumina, wagga mota ce ko akuya mai neman faɗa?"

Na ce ya bar wasa, na gaya masa maganar Baffa. Nan take ya ajiye kofin jabanarsa, gahawar da yake sha, ya ce wa masu jira su yi haƙuri.

Na ji daɗin yadda ya bi abin, don bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya ce in bar ta a kunne, ya hau but ya zauna. Ya ce mai lafiya in an zauna mata sai ta nutse, ta ɗan yi tunani, sannan ta ɗago da kai. Tawa ba ta san ma an hau ba. Ya ce abu na farko da ake zargi wasu ƙwallayen ƙarfe ne guda biyu a baya, kowanne kamar ƙaramar kankana, masu iska a ciki. Su ne sifirin ɗinta. In iskar ta tsere sai mota ta koma katako. Ya kafa mata turaku masu ƙarfi tukuna, ya ce irin wannan ba a shiga ƙarƙashinta da gangan, tana iya zama a kan mutum. Ya saki man, ya kwance ƙwallayen, ya ɗauko na gawar can ya ɗaura. Muka tayar. Ta yi nishinta, ta ɗaga baya, ta ci gaba da ɗagawa har ƙarshe, ta ƙame.

"Tamam, shi ke nan," in ji shi. "Ba su ba ne."

Sai ya ce ko hannuwan da ke riƙe da tayoyin baya ne suka ci da tsatsa. Ya sake sakin man, ya kama taya ya ɗaga ya sauke, tana tafiya sumul, ɗaya gefen ma haka. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana goge hannu, ya ce ƙarfe lafiya lau, mai lafiya lau. Abin da ya rage shi ne akwai mai ba da umarni a yi ta tura mai baya, ba ya cewa ya isa. Wata 'yar na'ura ce a tsakiyar ƙarƙashin motar, ba ta fi gwangwanin tumatir ba, ita ke auna tsawon bayan. In ita ce ta mutu, ta gawar can ma ta daɗe da mutuwa, sai dai a aika Khartoum a nema, kuma bai san ranar samu ba.

Na ce, "Usta, ruwa ba zai jira Khartoum ba."

"Bari mu gan ta da ido tukun," ya ce.

Muka tura motar kan rami, muka sauka tare. Ya haska wurin. Babu abin da ake gani sai curin baƙar laka da ta bushe ta yi tauri, wadda na kwaso a malalar tur'a. Ya sa a miƙo masa ruwa da burushi ya fara wankewa don ya samu kan kusoshin. Laka na zuba a kan rigata ta shago. Can sai ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa wani abu da sukundireba, ya matso da fitila.

"Wannan kuma ba daga Faransa ya zo ba," in ji shi.

Na leƙa. Daga jikin na'urar akwai wani siririn ƙarfe kamar tsinken tsire da ya miƙa zuwa wata sanda. An kama siririn ƙarfen nan an haɗe shi da wani ƙarfe na kusa, an naɗe su tam da zirin fata, naɗi a jere, babu wanda ya hau wani. Fatar ta bushe ta tsuke, ta janye ƙarfen gefe guda ta riƙe. A ƙarshen naɗin an mayar da bakin fatar ta ƙarƙashi sau biyu, an yanke shi a karkace kamar bakin alƙalami. Tun ina rarrafe nake ganin wannan ƙulli a ƙafar kowane gado na gidanmu.

Na ce, "Baba ne."

Abokina ya dube ni, ya dubi ɗaurin, sai dariya ta ƙwace masa har ya jingina da bangon ramin. Da ya samu numfashi ya ce, "Ya zol, wanga ƙarhe aikinsa ke nan shi yi rawa! Shi ke gaya ma mota an yi mata nauyi ko an rage. Hajji babanka ya kama shi ya ɗaure a wurin da ke cewa ƙaro mai. Kullum rana na busar da hwata, tana ƙara ja, mota na ƙara tashi." Ya gwada tura ɗaurin da sukundireba, ya gwada da filaya, ko alama. Sai da ya ɗauko wuƙa ya yi ta gurzawa kafin ya rabu. Ya ɗiga wa ƙarfen mai, ya kaɗa shi da yatsa, ya ci gaba da 'yar rawarsa kamar da.

Muka fito, na murza makulli. Taguwa ta yi nishi, ta tashi daidai inda ta saba, ta tsaya. Abokina ya hau but, ta nutse, ta ɗan yi tunani, ta ɗago da shi. Na tura ɗan hannun nan, ta durƙusa gaba da baya har ƙasa. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin wani abu ya zauna ba kamar ranar.

Da farko haushi ne ya kama ni. Kwanakin da muka ɓata, buhunan dawa, ƙuguna. Amma ina riƙe da guntun fatar nan a hannu sai na hango yadda abin ya faru. Tsakar rana, kowa na barci, tsoho mai ciwon baya ya jiƙa fatarsa, ya lallaba da sanda ya sauka cikin magudanar bayan gida, ya kwanta a ƙarƙashin motar da ya ce ba ta da lafiya, yana laluben abin da ke rawa. Bai gaya wa kowa ba. So yake motar ɗansa ta kai shi wurin wansa ba tare da wani abu ya kwance a hanya ba. Sai na juya baya kamar ina duba taya.

Na roƙi abokina kada maganar nan ta fita. In ƙauye ya ji, an samu abin faɗa har jikoki, kuma mutumin da duk garin ke kawo wa gado ba zan so a yi dariyarsa a kan ɗauri ba. Na sa fatar a aljihu. Da na koma gida na ce wata 'yar na'ura ce laka ta toshe. Mahaifina ya gyaɗa kai, ya ce Allah shi yi albarka.

Washegari bayan sallar asuba muka ɗau hanya. Taguwa ta durƙusa masa a ƙofar gida, ya shiga da farar jallabiyarsa. Muka wuce Madani, muka wuce Sinnar, rana na ɗagawa. Wajen Sinja na waiwaya na ga ya yi barci, baki a ɗan buɗe, hannun da ya saba riƙe ƙugu da shi yana kan cinya. Bayan Abu Na'ama muka sauka daga kwalta. Ƙasa ta yi baƙi, tsagewar bazara ta fara rufewa, ƙanshin ruwa ko'ina. A wani kwari laka ta so ta riƙe mu, na tura ɗan hannun nan motar ta ƙara tsawo, muka fita da ƙyar tana wutsil-wutsil. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya rage hanyar ta rufe.

Mun sami Baffa a kwance a kan angarib a ƙarƙashin rumfa, ya rame har na kusa kasa gane shi. Mahaifina ya yar da sandarsa tun daga bakin zaure. Ya durƙusa a gaban gadon, Baffa ya miƙo hannu yana shafa fuskarsa da gemunsa, yana cewa, "Kai na? Kai na, ƙanena? Ka tsuhwa." Mu da ke tsaye kowa ya nemi inda zai kalla.

Da aka natsu, mahaifina ya zauna a bakin gadon. Ina kallonsa, hannunsa ya sauka a kan katakon ya ɗan girgiza.

"Girgiza da kyau," in ji Baffa. "Ni na ɗaure shi tun ina gani."

Aka kawo shayi. Hira ta ƙi tashi sosai, don Baffa ba ya jin ƙarfi, kuma zuciyarsa ta karaya. Ya ɗaga hannuwansa yana juya su ya ce sun zama na banza. Ya ce yanzu kowa gadon ƙarfe yake saye da igiyar roba, abin da ya koya wa mutane ya mutu tun shi bai mutu ba. Sai na ji mahaifina ya gyara murya.

"Yaya, ba ka ji abin da ɗaurinka ya yi ba. Wagga motar Hwaransa da munka zo cikinta, na ji wani ƙarhe na rawa ƙarƙashinta, na jiƙa hwata na yi mai ɗaurin da ka koya min. Mota ta ɗaga gindi sama ta ƙi sauka. Inji ya yi, mai ya yi, an loda dawa, maza sun hau, makaniken Kamlin ya ce ba ya iyawa. Sai da anka kai ta Madani anka sa wuƙa."

Kofin shayi ya kusa suɓuce mini. Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

"Ni yaro na? Na leƙa da sahe in ga ko ya saki, na ishe babu shi, mota kuma ta warke. Kai ka zo kana ce min laka."

Da farko kamar Baffa bai fahimta ba, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ɗaga shi aka ba shi ruwa, ya koma ya ci gaba. 'Yarsa ta fito da gudu daga ɗaki, ta tsaya riƙe da baki, daga baya ta gaya mini tun sanyin bara ba ta ji dariyarsa ba. "Duk da injin?" yake tambaya. "Duk da injin," in ji mahaifina, yana wani gyara zama.

Na ga babu sauran abin ɓoyewa, na ciro guntun fatar daga aljihu na sa a tafin Baffa. Ya bi naɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ƙullin, ya shafa bakin nan mai kama da alƙalami, ya gyaɗa kai. Da ya kai inda aka gurza, sai ya ɓata fuska.

"Wa ya yanka?"

Na ce ustan Madani ne.

"Bai san aiki ba. Da ya zuba mai ruwa ya jira, da ya saki da kainai." Ya rufe hannunsa a kan fatar. "Bar min shi."

Mun yi 'yan kwanaki a can. Su biyun kullum suna rumfa, wani lokaci hira, wani lokaci shiru kawai suna jin motsin juna. Ranar da muka taso hadari ya haɗo tun hantsi, muna hawa kwalta ruwa ya ɓarke a bayanmu. Baffa bai ga kaka ba, kamar yadda ya zata. Da aka buɗe hanya 'yarsa ta aiko mana da 'yan kayansa, a ciki har da guntun fatar, ta ce a aljihun jallabiyarsa ta same shi. Mahaifina ya riƙe shi har nasa lokacin ya yi, yanzu yana wurina. Taguwa kuwa ta daɗe da zama gawa ta biyu a bayan garejin abokina.

In na tuna wannan abu ba baƙin ciki nake ji ba, daɗi nake ji. Mun isa a kan lokaci, sun ga juna, Baffa ya yi dariya. Abin da ya rage mini na tunani shi ne yadda na yi ta fama in rufa wa tsoho asiri a kan abin da shi yake ganin abin alfahari ne. Ni ina ganin ya lalata mota, shi yana ganin hannunsa bai mutu ba, kuma wannan ne kaɗai tsarabar da ta yi wa wansa amfani a duk abin da muka loda a but. Tun daga ranar na rage saurin jin kunya a madadin mutane.

Kai kuma mai hoton jiya, kafin ka sayi komai ka kafa mata turaku, ka wanke ƙarƙashinta da kyau, ka duba siririn ƙarfen nan ko yana motsi. In ka ga lafiyarsa lau, to ka bi ƙwallayen da sauran. Amma tun kafin wannan duka, ka shiga gida ka tambayi wanda ya fi kowa ƙaunarka ko ya taɓa ta.